Ranar da Zelig Mai Agogo Ya Ci Kwanon Gyaɗa

Zelig Kaminer mijin yayata ne, marigayiya Gitel. Shekara hamsin da biyu ya yi yana gyaran agogo a titin Selkirk, cikin wani shago da in mai ƙiba ya shiga sai dai ya fito da baya-baya. Duk arewacin garinmu Winnipeg babu agogon da bai taɓa leƙa cikinsa ba. Har na majami'armu ta Yahudawa, wanda tun zamanin kakanni yake gaba da minti bakwai, shi ya daidaita shi ba wanda ya sa shi. Tsofaffi suka yi wata guda ba sa amsa gaisuwarsa, saboda ya ƙara musu minti bakwai a zaman addu'a.

Mutum ne ɗan tsurut. In iskar hunturu ta taso, Gitel kan ce a zuba masa duwatsu a aljihu kada a tsince shi a wani gari. Kyau kuwa, to, an raba ba ya nan. Abin da ya samu a rabon duniya hannu ne. Yakan ɗauki ƙusar agogo da hantsaki, ƙusar da ƙwayar gishiri ta fi ta girma, ya sa ta a raminta yana hira da kai, ko kallon wurin ba ya yi. Yadda wasu ke yabon ɗansu likita, haka Zelig ke yabon hannunsa na dama. Bai taɓa ɗaukar jakar cefane da shi ba. Bai taɓa riƙe shebur ba. Shekara hamsin Gitel ce ke kwashe ƙanƙarar ƙofar gida, shi yana tsaye a taga da kofin shayi yana nuna mata inda ta bari.

Nakan ce masa, "Mijin Yaya, ba ka jin kunya?"

Sai ya ɗaga hannun sama ya juya shi, ya ce, "Breina, wannan shi ke ciyar da gidan nan. Har ke da kike zuwa cin abinci ba a gayyace ki ba."

Ban da agogo, abu ɗaya ne ke shiga ransa a duniya, shi ne diraidal, 'yar katantanwar nan tamu ta bikin Hanuka, bikin da muke kunna kyandir dare takwas don tunawa da ɗan man fitilar da ya yi kwana takwas bai ƙare ba. Tasa ta dalma ce. Ubansa Laibush, maƙerin gwangwani, shi ya narka dalmar ya zuba ta a kwarmin itace tun Zelig yana rarrafe. Ta yi baƙi, ta sha hannu har haruffan gefenta huɗu sun kusa shafewa, amma kada ka kuskura ka kawo ta roba gidansa. Wasan dai kowa ya san shi: a zuba gyaɗa a kwano, kowa ya murza. In ta kwanta a harafin Nun, ba ka ci ba, ba a ci ka ba. He, ka ɗebi rabi. Shin, ka ƙara ɗaya. Gimel kuwa, kwanon duka naka ne. Wasan yara ke nan a kowane gida. A gidan Zelig shari'a ce.

Kowace shekara, daren biyar na bikin, dangi a gidansa suke taruwa, kuma dokokinsa ake bi. Kowa ya murza da hannunsa, ba a murza wa wani, ko da jariri ne. In ta faɗi ba ta juya ba, Shin ce, zuba. Wanda ya ci Gimel ba a tura masa gyaɗa, shi zai miƙe ya ɗaga kwanon da kansa ya juye a gabansa kowa yana kallo, don a san wanda ya ci. Kwanon kuma na gilashi ne, na auren Gitel, nauyinsa ya kai na ɗan akuya. Sassauci wa yara babu. 'Yarsa guda ɗaya, Tsipora, tana da shekara huɗu ya cinye ta tas, ya zauna a gabanta yana ɓare gyaɗarta yana ci tana kuka. Gitel ta ce, "Kai dai ba ka da tausayi." Ya ce, "Gara ta koya a gida."

Ta kuwa koya. Tsipora ta tashi da taurin kan ubanta, ta ƙara nata a kai. Ta zama nas, ta auri Irwin likitan haƙori, mutumin kirki wanda ban taɓa ganin bakinsa ba abinci a ciki ba, suka koma kudancin gari inda gidaje ke da gareji biyu.

Da Gitel ta rasu, Allah ya jiƙanta, ni na riga na dawo benen gidan da zama, shi yana ƙasa. Katakon tsakaninmu kuwa in ya yi atishawa sai na ce masa lafiya. Don haka ni na fara ji. Kofin shayi a kan faranti, kar-kar-kar, kamar haƙoran mai zazzaɓi. Ba a jima ba ya rufe shago, wai agogon zamani duk na batir ne, mutum mai mutunci ba ya taɓa su. Sai hannun dama ya koma zama a aljihun suwaita, dare da rana, kamar wanda ya ɓoye kayan sata.

Hanukar bara labulen tagar falo ya kama wuta. Ba duka ba, gefe ɗaya, kamar faɗin tafin hannu uku. Alkukin kyandir a taga ake ajiye shi don masu wucewa su gani, shi kuma Zelig sai ya ce iska ce ta kaɗo labulen. Iska, a tagar da aka liƙe da roba tun watan Oktoba. Tsipora ta zo ta ga labulen. Ta je ta sa sunansa a layin jira na wani gidan tsofaffi. Ta nemi ta kai shi likita, ya ce shi bai ga likitan da ya fi shi lafiya ba.

Bana ana saura sati shida biki aka bugo mata waya daga gidan tsofaffin, wai ɗaki zai samu, amma suna son amsa kafin Juma'ar cikin bikin. Ta zo ta same shi a kicin. Ni ina saman matakala, ba laɓe nake ba, takalmina nake nema.

Ta ce, "Baba, ba na son jan magana. In hannunka lafiya yake, ba mai taɓa ka, ka zauna a gidanka har Almasihu ya zo. In kuwa rawa yake, ba zan bar ka da kyandir da murhun gas kai kaɗai ba. Ga Inna a sama, gwiwa ba ta aiki. In wuta ta tashi, gasasshiyar kaza za mu sauko da ita."

Ya ce, "Tsohuwar kaza ma. Ba mai ci."

"Fito da hannun in gani."

"Sanyi yake ji."

"To shi ke nan. Daren biyar dai za mu zo."

Daga shi har ita sun san abin da take nufi. Mutum zai iya cin miya da hagu, ya gaisa da hagu ya ce hannunsa da maiƙo. Amma a teburin Zelig, bisa dokar Zelig, kowa da hannunsa yake murzawa.

Washegari abin ya fara. Ina kwance sai na ji ƙwas a ƙasa, sai gararar, sai zagi da yaren kakanni. Can kuma ƙwas. Tun safe har la'asar, ya huta ranar Asabar kawai. Kwana na huɗu na sauko da sanda na tura ƙofa. Ga shi zaune a teburin cin abinci, harshe a waje, yana murza katantanwa da hannun hagu. Hagun da shekara tamanin da ɗaya bai san wani aiki ba sai riƙe agogo a tsaye don ɗan'uwansa ya yi gwaninta. Na dama kuwa ya zauna a kansa, ya danne shi da cinya.

Na ce, "Sannu da aiki. Ƙwai kake ƙyanƙyasa?"

Ya ce, "Ba ki ga komai ba."

"Na ga komai. Na kuma ji komai, kwana huɗu."

"Breina, zauna." Na zauna. Ya ce, "Kin tuna motar rabbi, limaminmu, wadda aka goge wa gefe a bakin kantin nama, aka rasa wanda ya yi?"

Na ce, "Wace mota?"

"Ɗanki na Toronto zai so ya ji labarin. Ya daɗe yana neman dalilin karɓe makullin motarki."

Na dube shi, ya dube ni. Na ce, "Ni ban ga komai ba. Amma ka shimfiɗa tawul a ƙasa, kaina na ciwo."

Gaskiya a faɗe ta, mutumin nan yana da naci. Sati na farko katantanwar ba ta ko tsayawa. Sati na uku ta fara juyi kamar mai jiri. Zuwa sati na shida, in ya murza ta da hagu sai ta tsaya cak tana wani siririn kuka, ka rantse an kafa ta ne a katako. Kyandir ma ya koyi kunnawa da hagu. Saura dalilin da zai bayar. Ranar Laraba, daren biyar, ina suyar wainar dankali a kicin ɗinsa, sai ga shi ya shigo hannun dama naɗe da bandeji tun daga yatsu har gwiwar hannu. Ya yi girman burodin Asabar.

Na ce, "Mene ne wannan, gawa?"

"Mai ne ya ƙona ni. Ina suya."

"Kai? Suya? Ko inda ake ajiye kasko ka sani?"

"Ke dai juya wainarki, tana ƙonewa."

Ƙarfe huɗu da rabi rana ta faɗi, suka iso da ƙanƙara a kafaɗa, Tsipora da Irwin da 'yan matansu biyu, Dalya da Noa. Tsipora ko kwat ba ta cire ba idonta ya sauka a kan bandejin.

"Baba, me ya same ka?"

"Mai. Ina taya Innarki suya."

Ta juyo ta kalle ni. Ni kuwa sai wainar ta buƙaci a kula da ita sosai.

Ta ce, "Shekara arba'in da takwas ina duniya ban taɓa ganin ka dafa ruwan zafi ba. Kawo in duba."

"Na sa magani. Ki bari, ba ki zo aiki ba."

Dalya, babbar, ta ce, "Kaka, ko dai budurwa ka yi kake koyon girki?"

Ya ce, "In na yi, ke za ta fara kora. Cire takalmi, kina jiƙa mini kafet."

Aka je taga. Ya ƙyasta ashana da hagu, ya kama kyandir mai hidima, wanda ake kunna sauran da shi, ya yi addu'o'in da muryarsa ta ƙofar da ba a sa wa mai ba, ya kunna biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ko ɗigon kakin bai zuba ba. Tsipora na tsaye a bayansa, ta harɗe hannu. Aka yi waƙa. Irwin ya ci waina goma sha ɗaya, ni na ƙirga, ya ce yana rage cin maiƙo ne.

Sai aka share tebur, aka kawo kwanon gilashi, aka raba gyaɗa mai ɓawo, ashirin-ashirin. Zelig ya zaro katantanwar daga aljihun hagu ya ajiye.

Noa ta ce, "Kaka, tunda ka ji ciwo in murza maka?"

Ya ce, "A gidan wa? Kowa da hannunsa. Ni da hagu ma na ishe ku, ku da ubanku."

Irwin ya ce, "Ni me na yi?"

Zelig ya murza. Ta tsaya cak tana kuka, ta daɗe har Irwin ya kai hannu faranti ya dawo, sannan ta kwanta a Nun. Ba wanda ya damu da Nun ɗin. Tsipora katantanwar take kallo, sai ta kalli ubanta, sai ta sake kallon katantanwar.

Wasan ranar kuma kamar an yi masa baki. Shin, Shin, Nun, Shin. Aka zagaya sau huɗu babu mai He balle Gimel. Kwano sai cika yake. Zelig kuwa baki ya buɗe. Ya ce wa Irwin hannun da ke cire haƙori ya kasa murza dalma, Allah ya tsare bakin jama'a. Ya ce mini tun ina budurwa murzata ta karkace, shi ya sa na auri wanda na aura. Ya ce wa jikokinsa wayar salula ta cinye musu yatsu.

Na tashi ɗebo shayi, Tsipora ta biyo ni kicin. Ta rage murya ta ce, "Inna, ko dai na zalunce shi? Mai rawar jiki ba zai yi wannan da hagu ba. Wataƙila da gaske ƙuna ce."

Na ce, "Ni dai shayi na zo ɗauka."

Ta ce, "Gobe zan buga musu in ce su ba wani ɗakin."

Muka dawo. An zagaya har na daina ƙirgawa, gyaɗa ta yi tozo a kwano, har tana gangarowa. Noa saura mata biyu. Layi ya zo kan Zelig. Ya hura yatsunsa, ya murza, ta yi ta juyi, ta fara tangaɗi, ta bugi gindin kwano, ta kwanta.

Gimel.

To, a nan ne fa. Da mutum mai hankali ne, da sai ya ce hannunsa na ciwo, a yau dai a juye masa. Ba wanda zai ce komai. Amma Zelig ya ga Gimel a kan kwanon da bai taɓa cika irin haka ba tun da aka yi auren Gitel. Ya manta da bandeji, ya manta da Tsipora, ya manta da Juma'a. Ya miƙe zumbur ya ce, "Ku matsa, matsiyata!" Ya kai hannu biyu ya ɗaga kwano.

Hagu ya riƙe. Dama ya fara aikinsa. Kwanon ya shiga kaɗawa, gyaɗa ta fara tsalle kamar gugguru a kasko. Wata ta faɗa kofin Irwin, wata ta bi ta ƙarƙashin kujera, wata ta sami Dalya a goshi. Ya matse kwanon a ƙirji don ya tsayar da shi, sai rawar ta hau kafaɗarsa, har gilashin idonsa ya zamo kan hanci. Bai ajiye ba kuwa. Doka ta ce a juye, sai da ya juye. Abin da ya sauka a gabansa bai fi goma ba. Sauran suna ƙasa suna ta gangare, ana jin su har bakin ƙofa.

Ya ajiye kwano a hankali, ya zauna. Hannun yana kan tebur a fili, fari fat da bandeji, yana ta bugun katako shi kaɗai.

Irwin ya ce, "Ai kwanon ne da santsi."

Tsipora ta ce, "Irwin, ci waina."

Ta jawo kujera kusa da ubanta, ta kama bakin bandejin ta fara warwarewa. Bai hana ta ba. Ta yi ta warwara, ta yi ta warwara, na rantse zai kai daga nan zuwa titin Selkirk. Hannu ya fito, ko tabon sauro babu.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Tambayi Innarki. Ita ce mai kunne a katako."

Na ce, "Shekara biyu. Kuma motar rabbi ni ce, a huta."

Ba wanda ya ko kalle ni. Zelig yana duban gyaɗar da ke ƙasa. Can ya ce, "Sati shida ina murza abin nan. Ko sau ɗaya ban gwada ɗaga kwanon ba."

'Yan matan suka durƙusa za su tsince. Ya ce, "Duk wadda kuka tsinta tawa ce, na san adadinsu." Sannan ya juya ga 'yarsa.

"Ɗakin nan naku, yana da taga?"

"Yana da ita."

"Titi take kallo?"

"Ban duba ba, Baba."

"Ana kunna kyandir?"

Ta ce, "Ba sa barin wuta a ɗaki. Akwai alkuki na lantarki a falo, kowane dare a murɗa ƙwai ɗaya."

Ya ce, "Ƙwai. Mu'ujizar mai muke wa biki, su kuma suna yi wa kamfanin wuta."

"Juma'a suke son amsa."

"Na ji tun farko, ba kurma ba ne ni. Saura dare uku. A tagata zan kunna su, da ashana, har na takwas. Bayan nan ki kai ni inda za ki kai ni."

"To zan riƙa zuwa kullum in tsaya."

"Ki tsaya. Amma kada ki riƙe mini hannu."

"Ba zan riƙe ba."

Ya tura mata katantanwar da yatsa. "Layinki ne. Kwano ba komai, kowa ya zuba ɗaya."

Aka zuba. Aka ci gaba da wasa har kyandirori suka mutu. Noa ce ta cinye kowa a ƙarshe, Zelig ya ce sa'ar wawa ce.

Tsipora ta zo dare ukun, kamar yadda ta ce. Abin da ta fara yi shi ne sauke labulen falo gaba ɗaya ta naɗe. Tunda asiri ya tonu kuma, sai Zelig ya ce shi ba zai ƙara kunna kyandir da hagu kamar ɓarawo ba. Da dama ya kunna. Daren takwas ashana goma sha huɗu ya ƙyasta kafin tara ɗin, har da mai hidima, su kama, Tsipora tana tsaye da hannuwanta a aljihu, ni ina bayanta da butar ruwa, wai shayi zan dafa.

Ranar Talata muka raka shi. A ofishin gidan wata mata mai fara'a fiye da kima ta miƙo takarda ta ce ya sa hannu a ƙasa. Ta ga yadda alƙalamin ke rawa, ta ce in ya fi masa sauƙi 'yarsa za ta iya sa masa. Ya kalle ta ta saman gilashi. Ya dafa takardar da hagu, ya rubuta sunansa da dama. Sunan ya fara daga layin da aka nuna masa, ya hau sama, ya ratsa ta cikin dokokin gidan, ya sauko a gefen shafi.

Matar ta juya takardar tana dubawa ta ce, "Wannan Kaminer ne?"

Ya ce, "Ajiyewa aka ce ki yi, 'yata, ba karantawa ba."

Ɗakinsa a bene na biyu yake. Tagar filin ajiye motoci take kallo. Na ce masa an cuce shi, ba titi ba ne. Ya ce motoci na shiga, motoci na fita, mutane na wucewa, in ba titi ba ne mene ne, in kuma na zo ne don in ɓata masa rai, bas ɗin ƙarfe uku bai wuce ba tukuna.